Ba Sa Tayi Sau Biyu

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai.

Zuwa ga yarinyar nan,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Ina gaishe ki, ina yi miki sannu da hanya, sannu da zaman mota. Ina fata kin sauka Abuja lafiya, kin tarar da Hajiya Asabe da mutanen gidanta cikin ƙoshin lafiya. Mu nan Kabo kin bar mu kalau, Malam yana ta sa miki albarka. Allah ya tsare ki a inda idona ba ya kaiwa, ya raba ki da sharrin hanya da sharrin baƙon wuri, ya dawo mana da ke da ƙafarki.

Na san za ki yi mamaki in kin kwance ƙullin kuka da daddawa kin ga takarda a ƙarƙashi. Ke ce ta fari, kin kuwa san yadda muke da 'ya'yan fari. Tun da aka raɗa miki suna ban taɓa kiran sa ba, ban taɓa zaunar da ke na ce ga abin da ke raina ba. In zan aike ki sai in kalli bango in ce a miƙo ludayi, ke kuma ki tashi ki miƙo. Haka na ga uwata tana yi da yayanmu, haka na yi da ke, bai kuma taɓa damuna ba sai a makon nan. Da baki ba zan iya ba, shi ya sa na ari biron Malam.

Ranar da kuke ninke kayan tafiya ke da ƙanwarki, ina bakin madafi ina tankaɗe, kunnena yana wajenku. Na ji ta ce miki, "To wai Yaya, tunda ƙungiyar agajin nan mutum ɗaya za su ɗauka, kuma an kira ki an kira Yaya Fa'iza ta Hajiya Asabe, in ku biyu kuka rage fa?" Kika yi dariya kika ce, "Ai sai in bar mata. Ita ce babba, a gidansu zan sauka, kuma duk gida ne." Sai da na ajiye rariyar na goge ido. Ƙanwarki ta zaci hayaƙi ne ya shiga min ido. Wannan maganar taki ni na fara yin ta, lokacin kina goye a bayan kakarki, kuma ita ce ta zaunar da ni a inda kika tashi kika gan ni.

Ba ki san zamanin tsuke bakin aljihu ba sai a labari. Lokacin ne aka sallami Malam daga koyarwa tare da wasu malaman firamare, ba laifin tsaye bare na zaune, aka ce gwamnati ba ta da hali. Ni ina ɗakin shan magani da 'yar takardata ta ƙaramar ma'aikaciyar lafiya, kantoci fayau, sai dai mu rubuta wa mutum sunan magani mu ce ya je Gwarzo ya nema. Sabulu da madara sai an bi layi. Ana cikin haka wata ƙungiyar agaji ta ƙasar waje ta buɗe ofis a Gwarzo, da farar motarsu mai dogon eriya. Aikinsu auna yara, da koya wa iyaye mata haɗa ruwan gishiri da sukari, da irin kunun da zai tada yaron da ya rame. Shugabarsu wata Baturiya ce doguwa mai 'yar Hausa a bakinta, kullum da sikelin rataye yara a kafaɗa, har mutane suka sa mata Mai Sikeli. Mata biyu ta ɗauka daga ɓangarenmu, ni da Asabe, 'yar wan babana, wadda ta girme ni nake ce mata Yaya. Ita ce dai Hajiyar da kike kwana a gidanta yanzu.

Na fi ta aiki. Na so in ce ba yabon kai ba ne, amma yabon kai ne, kuma yau zan yi shi tunda ban yi shi a ranar da zai amfane ni ba. Ni ce nake shiga gidajen Gude da Lakwaya da aka rantse ba za a buɗe wa motar Nasara ba. Na san uwar da za ta ɓoye yaro a bayan rumbu in ta ji ƙugin mota, na kuma san yadda zan zauna in taya ta ɓarar gyaɗa har ta ɗauko shi da kanta. Rahoton wata ni nake tsarawa, Asabe ta kwafe da kyakkyawan rubutunta. Ba raguwa ba ce, kada in yi mata ƙarya, amma rana tana damun ta, ta fi son zaman ofis.

Wata rana da la'asar mun dawo daga Lakwaya, ƙafafunmu duk taɓo, Mai Sikeli ta tara mu. Ta ce manyansu sun ba da gurbi ɗaya, za a kai mutum ƙasar waje ya yi kwas na lafiyar jama'a, in ya gama ya zama cikakken ma'aikacinsu, a riƙa tura shi duk ƙasar da suke aiki. Ta juyo ta dube ni a gaban kowa.

"Ladi, ke nake so. Za ki je?"

Wallahi ji na yi kamar in tashi in rangaɗa guɗa. Tun ina makaranta nake kallon taswirar da ke bangon aji ina zaɓar garuruwa. Amma ga Yaya Asabe a gefena, ga direba, ga mazan ofis, duk an zuba min ido. Sai na sunkuyar da kai na ce, "Haba Madam, ina ni ina tafiya ga Yaya a zaune? Ita ce babba. Ai duk gida ne."

Na faɗa ne ina jiran a sake. Ke ma kin san yadda ake yi. Baƙo ya zo a ajiye masa kwano, ya ce alhamdu lillahi a ƙoshe yake, ko da cikinsa na ƙugi. A tura masa kwanon, ya ce yanzun nan ya tashi daga kan abinci. A ce don Allah ko loma ɗaya, sannan ya wanke hannu ya cinye tas, kowa ya fita kunyar kowa. A nawa tunanin Madam za ta ce a'a, ke dai nake so, Yaya kuma ta ce, "Ke aka kira, Ladi, tashi ki karɓa," sannan in karɓa da mutuncina. Madam ta kalle ni, ta ce, "To." Ta juya. "Asabe, ke fa, za ki je?"

"Zan je," in ji Yaya.

Shi ke nan, aka koma maganar man mota.

Baturiya ban riƙe ta a raina ba, ba a tsakar gidanmu ta tashi ba. Asabe kuwa tabarma ɗaya aka yi mana tarbiyya a kai, ta san sarai abin da ƙin nawa yake nufi. Ta kalli ƙasa ta ce zan je. Wannan ya daɗe yana cina, har yau bai gama ba. Amma in zan faɗi tsakani da Allah ba sata ta yi ba, an miƙa mata ne ta karɓa.

Da na koma gida na gaya wa Malam, ya ajiye carbi ya ce, "Ke kuwa me ya kai ki? Ni da nake zaune ba aikin fari bare na baƙi, ai da na riƙe yarinyar ni da Iya har ki dawo. Gobe ki koma ki ce mata kin sake shawara." Kin ji, ko mijin da zan ɗora wa laifi ban samu ba. Ban koma ba. Kafin in ankara labari ya kai Lakwaya, gidanmu ana ta sa min albarka, Ladi mai kara, Ladi ta san girman na gaba. Ta ina zan koma in lashe amaina a gaban masu yabona? Asabe ta yi makonni tana zirga-zirgar fasfo, kullum ina ganin Mai Sikeli, kullum maganar tana bakina, kullum in haɗiye. Ni na raka ta tasha, ni na riƙe mata jaka.

Akwai wani kaya da ya kamata in sauke miki daga ka. Kin tashi kina jin mata suna cewa saboda ke na ƙi tafiya Turai, wai ban iya barin jaririya ba. Ita ma Mai Sikeli haka ta ɗauka. Ranar da za ta bar ƙasar ta riƙe hannuna ta ce ta ji zafin ƙin da na yi, amma ta gane, uwa ce. Na yi murmushi na bar ta a haka, na bar kowa a haka, don ya fi daɗin ji a kunne. Ba don ke na zauna ba. Ba ki hana ni komai ba, kada kuma ki ɗauka barin rabo wani gado ne na gidanmu da ya wajaba ki ci gaba da shi.

Don haka ki buɗe kunnenki. Mutanen nan, farare ne ko baƙaƙe, in dai a irin wannan aikin suka goge, ba sa tayi sau biyu, don akwai wasu a bakin ƙofa suna jira. In sun ce za ki iya zuwa wuri kaza, kina kuma so, ki ce zan je da muryar da na ƙarshen tebur zai ji. In sun ce me kika yi a bautar ƙasa, kada ki ce mun ɗan taɓa. Ina jin ku ranar da Malam yake gwada ki da tambayoyi a zaure. Ke kika tara matan ƙauyen da aka tura ki, ke kika bi har aka gyara rijiyar asibitinsu, amma da ya tambaye ki sai kika ce, "An samu an gyara." Wa ya samu? Aljanu? Ki ce ni na rubuta, ni na bi, ni na tsaya a kai har aka yi. A wajenmu rashin kunya ne, na sani, ni na koya miki hakan ma. Amma a ɗakin intabiyu babu gwaggo babu kawu da za su ce ai ita ce ta yi, kunya take ji.

Wautata ba a nan ta tsaya ba. Bayan tafiyar Asabe an kawo mana wata nas 'yar Maraɗi, Ramatu, mace mai son mutane da son shayi. Ta ga yadda nake aiki ta ce, "Ladi, zo in riƙa koya miki Faransanci kullum bayan azahar. Ƙungiyoyin nan suna da aiki da yawa a ƙasashenmu. In kika haɗa shi da Turancinki ba mai tsallake ki." Na ce mata, "Ni da ke Hausa muke yi muna fahimtar juna, me zan yi da yaren da sai an toshe hanci?" Muka yi dariya, muka sha shayi, muka yi gulmar direba. Gaskiyar magana fushi nake yi, na ce tunda na rasa babba ba na son ƙarami, sai ka ce akwai wanda fushina zai rage wa wani abu. Ba a jima ba aka zo neman wadda za ta tsallaka iyaka ta riƙe musu aiki a can, ga albashi ga gida. Sharaɗin kawai ta iya rubuta rahoto da Faransanci. Ko sunana ba a kawo ba.

Ke kin yi digirinki a kan hulɗar ƙasashe, madalla, amma duk wanda zai zauna a bencin jira tare da ke yana da irinsa a jaka. Harshe ne zai raba ku. Ki nemi ajin Faransanci a Abuja tun yanzu, ko an ɗauke ki ko ba a ɗauke ki ba, ki yi har ki zauna jarrabawa a ba ki shaida, don "ina ɗan ji" ba ya shiga fayil. Larabcin da kika sha bulala a kansa a Islamiyya shi ma harshen aiki ne a wajensu, ki ƙara masa na hira da na jarida, ki samo masa takarda. Hausa ma ki rubuta ta cikin harsunan da kika iya, kada ki ce ai kowa ya iya, a can ba kowa ba ne. Har ɗan Fillancin da kika tsinta a bakin kakarki kada ki raina shi.

Da kwantiragin ƙungiyar su Mai Sikeli ya ƙare suka fara naɗe kaya, Ramatu ta ce in je in karɓi takardar shaidar aiki a hannun Mai Sikeli kafin ta hau jirgi. Na ce in je in ce wa mace ta zauna ta rubuta yabona? Wane irin roƙo ne wannan? Ai ta san abin da na yi, Allah ma ya sani. Ta tafi da saninta a cikin kanta, ban sake jin ɗuriyarta ba. Na koma ɗakin shan magani ina rubuta sunayen magungunan da babu.

Shekaru suka shuɗe har aka ƙaddamar da Shari'a, kina sakandare lokacin. Wata ƙungiyar ta zo neman mai kula da aikin mata da yara a yankin Gwarzo da Kabo, aikin da na taka da ƙafata gida-gida. Na ci ado na je. Wani saurayi mai tabarau, mai ladabi ƙwarai, ya ce, "Hajiya, mun ji labarinki a ko'ina. Ina takardun?" Na miƙa masa 'yar satifiket ɗina da ta yi ja don tsufa. Ya juya ta gaba da baya.

"Ba digiri, ba difloma? To ko shaidar wancan aikin?"

Na ce, "Ɗana, je ka tambayi duk uwar da ke Gude."

Ya ce, "Wallahi na yarda, Hajiya. Amma manyana ba za su zo Gude ba, fayil za su buɗe."

Ban ji haushinsa ba, gaskiya ya faɗa. Suka ɗauki wata yarinya daga birni mai digiri biyu, ni aka ba ni aikin wucin gadi na raka ta ƙauyuka. Na zuba ido in ga ta kasa in samu abin faɗa, sai ga shi ta iya aikinta, ga girmama mutane. Wannan ya fi komai ba ni haushi.

To ke duk inda kika yi aiki, ko na sa kai ne ba a biya, ko na wata guda ne, kada ki bar wurin sai da takarda mai sa hannu da hatimi, wadda ta faɗi abin da kika yi dalla-dalla. Ki nema tun shugaban yana nan, don su ba sa daɗewa a ƙasa ɗaya, yau yana Abuja gobe an cilla shi wata duniyar. Ki karɓi adireshinsa, ki riƙa gaishe shi, wata rana za a ce ki kawo sunan wanda ya san aikinki. Rahoton da kika rubuta ki ga sunanki a jikinsa, ki ajiye kwafi. Digiri na biyu kuma kada ki ce sai kin huta, ki fara neman tallafin karatu tun kina da ƙarfin zama a aji. Ni na ce sai yara sun girma, ga shi kun girma, idona kuma ba ya ganin allo.

Wannan ɗan aikin rakiyar ma ni na sake shi da hannuna. Ina cikin waɗanda suka yi murna da Shari'a, har yau kuma ban canja ba. Amma da aka fara maganar hana mata hawa acaɓa, a birni abin ya fi ƙarfi, mu nan surutu ne ya riga doka isowa. Direban ofis ɗaya ne, kullum yana wajen manya, ƙauyukan lungu kuwa dole sai babur. In na wuce majalisar bakin kasuwa a bayan ɗan acaɓa sai a yi tsit, in na gota a ɗauka. Wata ta zo har gida ta ce, "Malama Ladi, da girmanki?" Ba wanda ya tare ni a hanya, ba wanda ya kore ni, Malam bai ce uffan ba. Ban je wajen malamin da ya san littafi na tambayi hukuncin matar da za ta kai wa yaro magani ba. Kawai na wayi gari na aika ofis cewa ƙafa ke ciwo. Alhali tun zamanin Mai Sikeli direbanmu ya sha cewa in zo filin makaranta ya koya min tuƙi, na ce mace da sitiyari a Kabo, a ce me? Ga ƙaramar motar ofis tana wuni a rumfa don ba mai jan ta, ni kuma ina gida ina jinyar ƙafar da lafiyarta ƙalau.

Ki koyi mota ki yi lasisi. Kwamfutar nan da kike taɓawa da yatsa biyu ki zauna ki iya ta sosai. Hijabinki ba zai hana ki komai ba, ki sa abinki ki shiga duk ofishin da aka kira ki, lokacin salla ki tashi ki yi ba tare da neman afuwar kowa ba. In abu ya shige miki duhu ta fuskar addini ki tambayi malami na gaske, kada ki ɗauki fatawa a bakin 'yan zaman majalisa. Kada kuma ki kori kanki daga aiki tun ba a kore ki ba. In sun tura ki inda ake gudu, sansanin waɗanda rikici ko ambaliya ta raba da gidajensu, ki je, don a irin wuraren nan ake sanin ma'aikaci, daga can ake hawa sama. Sai dai ki bi dokar tsaronsu sau da ƙafa, in sun ce kada a fita kada ki fita, ba gawa na aika ki ki zama ba.

Kada ki ɗauka wannan gurbin shi ne ƙarshen duniya. Aikinsu na ɗan lokaci ne, ana gama wannan a nemi wancan, wanda ya gaji da nema shi ke komawa gida. In Fa'iza ta fi ki a gaban tebur suka ɗauke ta, ki yi mata barka da zuciya ɗaya, washegari ki nemi wani, ko a ƙaramar ƙungiya ta cikin gida ce ki fara tara shaida. Ki riƙa duba jarida, in gwamnati ta buɗe ɗaukar ma'aikatan jakadanci ki nema ki zauna jarrabawar, kada ki ce ai na 'ya'yan manya ne, in ba ki nema ba kin sauƙaƙa musu. A kayar da ke zan iya ɗauka, zan ma dafa miki dambu in kin dawo. Abin da ba zan iya ɗauka ba shi ne ki kwanta da kanki tun ba a taɓa ki ba, sannan a zo ana yi min barka da na haifi mai kara.

Game da gidan da kika sauka, ki girmama Hajiya Asabe, uwa ce a wajenki. Ki gaishe ta a durƙushe, ki riga 'yan aikinta shiga kicin. Ki bar wa Fa'iza gaban mota, ki bar mata tsokar da ta fi girma, ki bar mata banɗaki ta fara shiga. Duk wannan kara ce mai kyau, ba ta rage miki komai. Amma kada ki roƙi Hajiya ta sa miki baki, kada kuma ki yarda a zaunar da ke a falo a ce ku daidaita a tsakaninku tunda duk gida ne. Na ga yadda gidan yake. Ita Asabe ta zaga ƙasashen da nake nunawa da yatsa a taswira, 'ya'yanta sun yi karatu inda suka ga dama. Duk sallah tana zuwa da mota mai sanyi, ta ba ni turmin atamfa, ta dafa kafaɗata a gaban mutane ta ce, "Wannan ita ta koya min aiki." A yi dariya, ni ma in yi. Ba na ce ba ta da kirki ba, ta yi mana abubuwa, har masaukin nan naki. Amma bara da muka keɓe a ɗakina tana cin ɗanwaken da na yi mata, sai ta ce, "Ke ma dai Ladi, da kin ce kina so a lokacin ai da na bar miki." Ta faɗa tana lasar yatsa, ko a jikinta. Na tashi na ce bari in duba wuta, alhali ban ɗora komai ba.

Ba ni da gona da zan bar miki, ba ni da sunan da za ki ambata a buɗe miki ƙofa. Abin da na tara ke nan, na kuma juye miki shi duka. Kada ki amsa min wannan takarda, in kin dawo kada ki ɗaga min maganar, kin san ba zan iya kallon ki ba. Ki dai yi abin da na ce.

Allah ya buɗa miki ƙirji, ya warware miki harshe a gabansu. Allah ya tsare mutuncinki da addininki, ya haɗa ki da shugabanni masu adalci, ya kiyaye ki a mota da jirgi da duk ƙasar da ƙafarki za ta taka. In da alheri a wannan aikin Allah ya ba ki, in babu ya musanya miki da wanda ya fi shi, amma ya zama shi ne ya hana, ba bakinki ba.

Da kin shiga ɗakin intabiyun, kafin komai, za su ce ki faɗi sunanki. Na yi tunani na ga ban da bakin cewa ki ɗaga murya ki faɗe shi, ni da na haife ki ban taɓa bari ya fito daga bakina ba. Na daɗe riƙe da biron nan kafin in kai nan.

Rakiya. Rakiya 'yata. Allah ya kai ki lafiya, ya dawo da ke lafiya.

Ga shi na faɗa, ban jira an roƙe ni ba. Saura ke.

Wassalam.

Ni ce Innarki,
Ladi